Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinonin Ilimi na Jihohin Arewa a Kan Yara Masu In'ina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, masu girma kwamishinonin ilimi na jihohinmu na Arewa, da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya, da waɗanda aka ɗora wa kula da makarantun Islamiyya da tsangayu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Ni tela ne a cikin birnin Kano. Shekarata 43, kuma ina da in'ina tun ina ɗan shekara huɗu. Na rubuto ne da yawun wasu iyaye da muke haɗuwa a shagona ranar Juma'a bayan la'asar, waɗanda kowannensu ko shi ke da in'ina, ko ɗansa, ko duka biyun kamar ni. Ba mu da rajista, ba mu da hatimi, ba mu da shugaba. Na kuma rubuto da yawun yaran da ke zaune a bencin baya a makarantunku, sun san amsa sarai, amma har a tashi ba za su ɗaga hannu ba.

Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro shi ne ɗana. Shekararsa bakwai, yana aji biyu. A farkon zangon nan aka kawo musu sabon malami, ya ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Sunan yaron da harafin "b" yake farawa. Da layi ya zo kansa sai leɓɓansa suka haɗu suka ƙi rabuwa. Ya runtse ido, ya buga ƙafa, sunan bai fito ba. Aji ya kwashe da dariya. Malamin ya ce, "Kai ko sunanka ba ka sani ba? Zauna." Bayan kwana uku aka miƙe da shi karatu, ya sake maƙalewa, aka zuba masa bulala biyu a tafin hannu. Tun daga nan kullum safiya sai ciwon ciki. Mun sayi magani har kala biyu kafin na gane. Wata asuba na dawo daga masallaci na tarar da shi a bayan ƙyauren ɗaki, sanye da rigar makaranta, yana maimaita sunansa a hankali, yana faɗa yana sake faɗa, kuma yana fita sumul ba gargada. Da ya gan ni sai ya ce, "Baba, a nan ina iyawa." Na kasa ce masa komai, domin ni ma na yi wannan bitar a bayan wani ƙyauren, shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Na je makarantar da fushina. Na tarar da malamin saurayi ne mai ladabi, ga yara sun haura ɗari a gabansa, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Da na yi masa bayani sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "Wallahi Baba na zaci wasa yake yi. Ai ina jin sa da safe yana rera taken ƙasa tare da yara, ko sarƙewa ba ya yi." Ya ce da ya san haka ne da bai taɓa shi ba, kuma na yarda da shi. Rashin sani ya fi dare duhu. Na fito daga ajin nan na san cewa ƙarata ta wuce kansa, sai dai in kai ta gaban waɗanda suka tura shi aji ba tare da an faɗa masa abin da zai yi in ya gamu da yaro irin nawa ba.

Kokenmu na farko ke nan: malaman da 'ya'yanmu suka ratsa ta hannunsu, in ka ɗebe ɗaiɗaiku, ba su san mece ce in'ina ba. Alhali ba baƙon abu ba ne. Masana sun ƙiyasta cewa kusan yara 5 cikin 100 kan yi in'ina a wani lokaci na ƙuruciyarsu, galibi tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Mafi yawansu, kamar uku cikin huɗu, takan bar su da kanta. Sauran kuwa takan bi su har girma, shi ya sa ake samun kusan mutum 1 cikin 100 na manya da ita, kuma maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Ku ɗauki wannan lissafi ku aza shi a kan ajin da ke da yara ɗari, sannan ku aza shi a kan jiha guda. Da wuya a sami makarantar firamare da babu irinsu.

In'ina kuma tana zuwa iri-iri. Akwai mai maimaita gaɓa, akwai mai jan sauti ya yi tsawo, akwai wanda maganar ke toshe masa gaba ɗaya, baki a buɗe ko a rufe, iska ta tsaya cak. Wannan ta ƙarshen ita ta fi wahala, ita ce kuma malami ya fi ɗauka taurin kai ne ko rashin yin bita. Abin da ya ruɗi malamin ɗana sananne ne ga duk mai in'ina: muna waƙa lafiya lau, muna karatu baki ɗaya tare da jama'a lafiya lau, muna magana mu kaɗai ko da jariri ba ta zuwa. Yau ta yi sauƙi, gobe ta dawo da ƙarfinta. Wanda bai sani ba sai ya ce iskanci ne. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tsara lokacin motsin numfashi da maƙogwaro da harshe da leɓe yayin magana, kuma tana bin jini. A shekarar 2010 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Dennis Drayna, sun gano sauye-sauye a wasu ƙwayoyin gado cikin iyalan Pakistan masu yawan in'ina, daga baya kuma suka yi nazarin wani babban gida a maƙwabciyarmu Kamaru. A gidanmu ba mu buƙaci bincike ba: kawuna yana da ita, ina da ita, ɗana yana da ita. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, ba a ɗaukarta ta hanyar kwaikwayo, kuma tarbiyyar uwa ba ta jawo ta. Na ƙara wannan na ƙarshe ne saboda na ga matan da aka ɗora wa laifi suka yi ta kuka a ɓoye.

Koke na biyu shi ne bulala da tsawa, kuma a nan zan ɗan daɗe. A makarantar allo da na yi, in na zo biya karatu na maƙale, malam yakan ɗaga dorina ya riƙe ta a sama, yana jiran kalmar. Allah ya jiƙansa, na san alheri yake nufi, a ganinsa tsoro zai ɓalle harshen. Amma duk wanda ya taɓa maƙalewa ya san cewa tsoro ƙara ɗaure maƙogwaro yake yi. Yaro ya ga bulala, ya ƙara yunƙuri, yunƙurin ya ƙara toshe hanya, sai ya fara neman mafita da jikinsa: runtse ido, kaɗa kai, dukan cinya. Ranar da ya yi sa'a kalmar ta fito daidai lokacin da ya buga ƙafa, sai buga ƙafar ya zame masa ɗabi'a. Da yawa daga abubuwan da mutane ke yi wa mai in'ina dariya a kansu, a gaban bulala ya koyo su.

An taɓa gwada illar tsangwama a kan yara, gwajin da har yau ake jin kunyarsa. A 1939, a jihar Iowa ta Amurka, an ɗebi marayu 22 aka yi nazari a kansu ƙarƙashin wani malamin jami'a mai suna Wendell Johnson. Wasu daga cikinsu maganarsu lafiya ƙalau take, amma aka riƙa ce musu sun fara in'ina, kada su buɗe baki sai in za su faɗi daidai. Yaran suka takure, suka rage magana, wasu suka ɗauki tabon har tsufa. Jami'ar ta nemi afuwa a 2001, a 2007 kuma jihar ta amince ta biya diyyar dala 925,000. Wancan an yi shi sau ɗaya an yi nadama. Abin da ke ci mini rai shi ne kwatankwacinsa na faruwa a azuzuwanmu kowace safiya, ba da mugun nufi ba, kuma ba mai rubutawa.

Har shawarar da ake bayarwa da kyakkyawar niyya takan cutar. "Yi a hankali." "Ja numfashi." "Nutsu mana." "Yi tunani kafin ka yi magana." Mun ji waɗannan sau dubu. Abin da yaro ke ji a ciki shi ne: yadda kake magana ba ta karɓu ba. Haka nan ƙarasa masa magana. Na taɓa zuwa sayen zare, na maƙale a kan "ƙ", mai shago ya ce "ƙarami?" na ce e, alhali ƙwarya guda na babba nake so. Na biya kuɗi na fito da abin da ba na buƙata, domin gyara masa zai sa in sake shiga wata maƙalewar a gaban layin mutane. Babban mutum ke nan da gemunsa. Ku ƙiyasta yaro ɗan shekara bakwai.

Koke na uku, dariya da laƙabi. Babu mai in'inar da ya gama firamare bai sami sunan tsokana ba. Ana kwaikwayonsa a filin wasa, ana kwaikwayonsa a hanyar gida, wani lokaci malami na gani ya yi murmushi, murmushin nan kuwa izini ne. Yaran ma a wurin manya suka gani, domin masu wasan barkwanci sun daɗe da mayar da in'ina abin ba da dariya. Sai kuma a ce wai mai in'ina akwai zafin zuciya. To wa za a riƙa katse wa magana kullum, a yi masa dariya kullum, ya zauna da sanyin rai? Mu kuwa al'umma ce da ta haddace Suratul Hujurat, inda Allah ya hana wasu su yi wa wasu izgili, ya hana jifan juna da munanan laƙabobi. Mun kuma san wanda ya fara yi wa mai nauyin harshe gori a cikin Alƙur'ani: Fir'auna ne, da ya ce Annabi Musa, alaihis salam, da ƙyar yake bayyana magana. Annabi Musa shi ne ya roƙi Ubangijinsa a Suratu Ɗaha ya warware ƙulli daga harshensa domin a fahimci zancensa, shi ne ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, kuma shi ɗin Allah ya zaɓa ya yi magana da shi. Ina roƙon malamanmu na Islamiyya su tuna da wannan duk lokacin da yaro ya tsaya cak a tsakiyar hadda. Su tuna kuma da hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa mai karanta Alƙur'ani yana sarƙewa, yana shan wahala a kansa, lada biyu gare shi.

Sakamakon waɗannan duka ba a ganinsa a takardar jarrabawa kai tsaye, shi ya sa yake wuce ku. In'ina kamar kada ce a ruwa, idanu kawai ake hangowa, gangar jikin tana ƙasa: kunya, fargaba, da dabarun gudu. Yaro ya lissafa cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, sai ya ce "ban sani ba" alhali ya sani. Ya roƙi fita fitsari daidai lokacin da karatu ya kusa zuwa kansa. Ya daina tambaya, darasi ya wuce shi. A rubuta masa a katin sakamako cewa ba ya ƙoƙari. Ni na ci jarrabawar shiga kwalejin ilimi, ina son koyar da lissafi. Da na ji cewa dole sai na yi koyarwar gwaji a gaban aji, mai dubawa na zaune a baya da biro, sai na naɗe takardar na koma wajen kawuna na koyi ɗinki. Ina godiya ga Allah da sana'ata, ta rufa mini asiri. Amma ban zaɓe ta ba, gudu na yi na faɗa cikinta. A cikin masu zama a shagona akwai wanda ya ƙi zuwa ganawar ɗaukar aiki sau biyu, akwai wanda har yau matarsa ke amsa masa waya. Akwai kuma wata baiwar Allah da ke aiko mana da saƙo ta hannun yayanta, wadda aka cire daga makaranta a aji huɗu aka ce ai ba ta ganewa. 'Ya'ya mata masu in'ina sun fi ɓacewa, domin shirunsu ana ɗaukarsa kunya ce, har a yaba.

Koke na huɗu: iyaye ba su san inda za su dosa ba, kuma makaranta ba ta nuna musu. Kakata ta kai ni wajen wanzami aka duba linzamin harshena, aka ce a yanka. Wani an cire masa beli. Wani an kashe kuɗi a kan garin magani da ake tallarsa da lasifika a kasuwa, yanzu kuma tallar ta koma waya. Harshen mai in'ina lafiyarsa ƙalau, aska ba ta da abin da za ta gyara a wurin, kuma babu wata ƙwaya ko jiƙo da aka tabbatar tana raba mutum da in'ina. Addu'a muna yi, ba za mu daina ba, amma addu'a ba ta hana neman sani. Akwai ƙwararrun da aikinsu ke nan, masu gyaran magana, waɗanda hukumar MRTB ke yi wa rajista a Najeriya tare da masu gashin ƙashi da sauransu. Sai dai sun yi ƙaranci ƙwarai, galibinsu suna manyan asibitoci a manyan birane, kuma samun wanda zai zauna da yaro ya yi aiki da shi da Hausa wani aikin ne daban. Uban da ke ƙauye, wanda kuɗin mota ma sai ya sayar da kaza, ina zai kai ɗansa?

Abin takaicin shi ne lokacin da taimako ya fi tasiri shi ne lokacin da yaro ke hannunku, a ajin share fage da farkon firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Ostareliya an tsara wata hanya mai suna Lidcombe domin yara 'yan ƙasa da shekara shida, inda iyaye ne ke yin aikin a gida na 'yan mintuna kullum, ƙwararre yana duba su mako-mako, kuma gwajin da aka buga sakamakonsa a 2005 ya nuna tana rage in'ina sosai. Ba ta buƙatar inji ko wutar lantarki. Masana kuma sun san alamun yaron da bai kamata a zauna jira a kansa ba: wanda akwai in'ina a danginsu, wanda ta haura wata shida zuwa shekara ba ta ragu ba, wanda ya fara yunƙuri da jiki ko gudun magana. Malamar ajin share fage za ta iya lura da waɗannan in an faɗa mata.

Babba ma bai makara ba, ni shaida ne. Sai da na haura talatin na sami zama 'yan makonni da wata ƙwararriya. Ta koya mini in fara sakin iska kaɗan kafin murya, in shiga kalma da laushi maimakon in afka mata, in haɗa leɓe a kan "b" da "m" kamar mai taɓa ƙwai. Ta koya mini in na maƙale kada in yi kokawa, in sassauta a cikin maƙalewar in zame in fita a hankali, dabarar da Charles Van Riper, wani Ba'amurke da shi ma mai in'ina ne, ya shahara da ita. Wanda ya fi duka wuya, ta sa ni in riƙa faɗa wa mutane da bakina: "Ina da in'ina, a ɗan ba ni lokaci." Ranar da na fara faɗar haka ga wani mai kawo ɗinki, gumi ya jiƙa mini riga. Ya ce, "Ba komai, Malam, ina jin ka." Na yi masa bayanin wuyan rigarsa tun daga farko har ƙarshe. In'inata ba ta tafi ba, ba na kuma yi wa ɗana alkawarin tasa za ta tafi. Amma yanzu ni ke ɗaga wayata, ni ke cinikin yadina a Kantin Kwari, kuma ni na karɓi auren ƙanena a gaban jama'a. Kakanninmu sun kashe sulallan da ke ɗauke da kan Sarkin Ingila George na shida, wanda shi ma mai in'ina ne, ya yi shekaru yana aiki da mai gyaran magana Lionel Logue. Shi ya sami wanda zai zauna da shi. Abin da muke nema wa 'ya'yan talakawa ke nan, daidai gwargwado.

Ranku ya daɗe, doka ma tana tare da mu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su kasance masu karɓar kowa, kuma a sami wanda aka horar domin kula da irin waɗannan ɗalibai. Wasu cikinmu ba sa son a kira in'ina naƙasa, ni kuma ban damu da sunan da za a ba ta ba, muddin yaron ya sami haƙƙinsa. In an ce buƙata ta musamman, hankali kan tafi ga makafi da kurame da guragu, kuma sun cancanci fiye da abin da suke samu. Mai in'ina kuwa yana gani, yana ji, yana tafiya, sai a ɗauka ba ruwansa da wannan babi.

Ga abin da muke roƙo.

Da farko, ku fitar da takardar umarni zuwa ga kowane hedimasta da shugaban Islamiyya cewa ba a dukan yaro, ba a sa shi kamun kunne, ba a rage masa maki saboda maganarsa ta maƙale, kuma kwaikwayonsa laifi ne kamar zagi. Wannan ba ya cin ko sisi, sa hannu kawai yake buƙata, kuma za ku iya yin sa a makon nan.

Sannan ku saka in'ina cikin bitar da ake yi wa malamai. A cikin kuɗin da ke zuwa ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, akwai kason horar da malamai, akwai na ilimi na musamman. Rabin yini ya isa a koya wa malami abin da ya kamata: ya jira yaro ya gama, ya dube shi kamar yadda yake duban kowa, kada ya ƙarasa masa, ya amsa abin da yaron ya faɗa maimakon yadda ya faɗe shi. Ya rage saurin maganarsa shi kansa, domin wannan ya fi "yi a hankali" aiki nesa ba kusa ba. In za a yi karatu bi da bi, ya kira shi da wuri kafin fargaba ta taru, ko ya haɗa shi da wani su karanta tare, tunda karatu baki ɗaya na sauƙaƙa masa. Ya keɓe da shi ya tambaye shi yadda yake so a yi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kuma a ce don tausayi an daina tambayarsa gaba ɗaya, wannan ma wata hanyar ce ta binne shi da rai. Ku nemi sassan ilimi na musamman na jami'o'inmu, irin na Bayero da na Jos, su taimaka wajen tsara wannan, kuma kwalejojin ilimi na jihohinku su koyar da shi kafin ɗalibi ya fita koyarwar gwaji. A buga shi a takarda shafi ɗaya, da boko da ajami, ta yadda zai kai ga alaramma a tsangaya.

Muna roƙon a ƙara wa mai in'ina lokaci a duk inda ake auna ɗalibi da baki, ko karatu ne, ko muhawara, ko kacici-kacici, ko musabaƙa, kuma alƙalai su iya rarrabe mantuwa da maƙalewa. Yaron da ya tsaya a kan aya yana motsa baki bai manta ba, kada a buga masa ƙararrawa.

Ku zauna da takwarorinku na ma'aikatun lafiya ku buɗe hanya, ta yadda malamin da ya lura da yaro zai san takardar da zai rubuta da ƙofar da uba zai ƙwanƙwasa. Ku ɗauki masu gyaran magana aiki, ko da ɗaya ne a kowace shiyya yana zagayawa, kuma ku ware gurabe a tallafin karatu na jiha domin 'ya'yanmu masu jin Hausa su karanci wannan fanni su dawo. Wannan shi ne mai tsada a cikin roƙonmu, mun sani, shi ya sa ba mu sa shi a gaba ba.

Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai a kan in'ina ta duniya, tun 1998 ake yin ta. Kuna da gidajen rediyon jiha, kuma har yanzu rediyo ce ke shiga inda takarda ba ta shiga. Ku ba mu awa ɗaya a wannan rana, a sa mai in'ina ya yi magana da muryarsa, kada a yanke inda ya maƙale. A tayar da zancen a taron iyaye da malamai, domin uwar da ke shirin kai ɗanta wajen wanzami ta ji tun aska ba ta taɓa shi ba.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Mutum shida a cikinmu sun yarda su je duk inda ake bitar malamai su tsaya a gabansu su ba da labarinsu, ba ma neman kuɗin mota. Ɗana ya koma makaranta ranar Litinin da ta wuce. Mun yi shawara da malaminsa, yanzu shi ne na uku da ake kira a karatu, kuma suna karantawa tare da abokin zamansa. Shekaranjiya ya dawo ya ce ya maƙale a kan wata kalma, malam ya jira shi, ba wanda ya yi dariya sai yaro ɗaya, shi ma malam ya kira shi gefe. Malami ɗaya ke nan a aji ɗaya, kuma baɗi wani za a kawo musu.

Muna sauraron amsarku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wani uba mai in'ina, a madadin iyayen da ke zama a shagonsa,
Kano.